Shayar da jinjiri: nono ɗaya ko duka biyun?

Da farko, ki sa shi a nono cikin awa 1 da haihuwa. Dakashin nan mai kauri da wasu tsofaffi a ƙauyukanmu ke cewa a matse a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Kada ki zubar.

Ki zauna ki jingina, cikinsa manne da naki. Ki taɓa leɓensa da kan nono. In ya wage baki, ki matso da shi ya kama har da baƙin da ke kewaye. In kan kawai ya kama, zai yi miki ciwo.

Ki bar shi a nono ɗaya sai ya saki da kansa, domin ruwan farko tsinkakke ne, mai maiƙon da ke ƙosarwa daga baya yake zuwa. Sannan ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ki miƙa masa ɗayan. In ya ƙi, ba komai. Da shi za ki fara nan gaba. Ki riƙa mayar da awarwaro hannun ɓangaren da za ki fara da shi don kada ki manta.

Sau 8 zuwa 12 a kwana, dare da rana. Ban da ruwa ko jiƙo har wata 6, ko da zafin bazara ne.

Nono ya kumbura ya yi ja, ga zazzaɓi? Ki tafi asibiti.