Yadda ake sa Linux a kwamfutar da UEFI ɗinta 32-bit ce

Ƙananan kwamfutocin nan na hannu da ɗalibai ke saya da araha a Bauchi, irin su Asus T100 masu furosesa Intel Atom na wajajen 2013 da 2014, suna da wani hali. Furosesan 64-bit ne, amma UEFI, wato manhajar da ke tada na'urar kafin komai, 32-bit ce. Shi ya sa kana soka filas ɗin Linux sai ta yi kamar ba ta gan shi ba, mai gyara ya ce filas ne ya lalace. Lafiyarsa lau. Fayil mai suna bootia32.efi take nema, shi kuwa bootx64.efi ne a kansa.

Fara da tabbatarwa. A Windows shiga Settings, System, About. In ka ga Windows 32-bit a kan furosesa x64, da alama irinta ce a hannunka. Kwashe fayilolinka, ka cika batir tun da sauran wuta. Masu ramin USB ɗaya sai da mahaɗar OTG, don filas da kibod su shiga tare.

Sai zaɓen Linux, kuma nan ne ake shan wahala a banza. Ni dai shawarata nau'in Linux mai suna Fedora, domin tun fitowa ta 27 a 2017 tana tashi a kan irin wannan UEFI ba sai ka taɓa komai ba. Ɗauki mai Xfce ko LXQt, wato fuskokin Linux marasa nauyi, saboda yawancin kwamfutocin nan RAM 2GB ne kacal. Rubuta ta a filas, ka kunna kana danna F2 in Asus ce, ka kashe Secure Boot, wato tsaron da ke hana tada tsarin da na'urar ba ta amince da shi ba, ka tashi daga filas.

Kafin ka goge Windows, buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, a Linux ɗin da ta tashi daga filas, ka rubuta cat /sys/firmware/efi/fw_platform_size. In ta nuna 32, to ta tabbata. Gwada Wi-Fi da sauti da taɓa allo a nan, don su suka fi gardama.

Wanda ya nace sai Ubuntu ko Mint, ya haɗa filas da Ventoy, manhajar shirya filas mai tada kwamfuta, domin tana aiki da UEFI 32-bit. Sai dai bayan an gama sawa na'urar kan ƙi tashi, don GRUB ɗin da ya dace, wato manhajar da ke tada Linux, bai hau ba. Kar ka sake sawa daga farko, haka za ta maimaita. Koma ta filas, jona wayarka da kebul don samun intanet, ka shiga sabon tsarin ta chroot, umarnin da ke ba ka damar aiki a cikinsa daga filas, tare da ɗora ɓangaren EFI a /boot/efi. Sa ƙunshin grub-efi-ia32, ka bi da grub-install --target=i386-efi, sannan update-grub.

Cire filas ka sake kunnawa. In har yanzu ba ta tada sabon tsarin ba, shiga F2 ka ɗaga sabon tsarin zuwa saman jerin tashi.