Yadda Ake Daidaita Mataimakin Matuƙi na FS2Crew da Aikin Jirgin Gaske

Da farko, ka buɗe FS2Crew, manhajar da ke kwaikwayon mataimakin matuƙi, a cikin Microsoft Flight Simulator, wasan kwamfuta na kwaikwayon tuƙin jirgin sama, ka zaɓi samfurin jirginka, domin Airbus da Boeing kowanne da tsarinsa: lokacin gudun tashi, mataimaki a Airbus yana sanar da saurin not 100 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), na Boeing kuwa not 80.

Sannan ka raba aiki, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana sa ido yana karanta jerin abubuwan dubawa.

Idan daga filin jirgin Damagaram za ka tashi, mai alamar DRZR, ka saita matsin iska a ma'aunin tsayi da hektofaskal, ba inci irin na Amurka ba, saitin da masu koyo suka cika mantawa da shi.

A ƙarshe, ka hana hira a ƙasa da ƙafa 10,000.