Yadda ake kula da kare da kyanwa a lokacin zafi

Kare ba ya gumi kamar mutum. Da haki yake rage zafin jikinsa, sai ɗan gumin da ke fita ta tafin ƙafa, shi ya sa rana take saurin galabaitar da shi. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne. Idan ya haura 41, rayuwarsa na cikin haɗari.

Ni nawa karen da asuba nake fita da shi, sai kuma bayan faɗuwar rana. Kafin mu taka kwalta, nakan ɗora bayan hannuna a kai na ɗan lokaci. In na kasa jurewa, to tafin ƙafarsa ma ƙonewa zai yi.

Ruwa kuwa, ajiye kwano biyu ko uku a inuwa, ka riƙa sauyawa. Ka tuna inuwa tana tafiya: inda ka ɗaure shi da safe, da azahar rana ce tsagwaronta. Kada ka bar dabba cikin mota a rufe, ko da ka ɗan sauke gilashi. Kada kuma ka aske masa gashi ƙwal, gashin nan yana kare fata daga ƙunar rana. Taje shi kawai ya isa.

Idan ka ga haki mai tsanani, dalalar yawu, amai ko tangaɗi, kai shi inuwa nan take, ka kwarara masa ruwa mai sanyi, ka yi masa fifita, sannan ku garzaya wurin likitan dabbobi. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, riƙe zafi yake yi. Kyanwa kuwa ba ta cika yin haki ba, don haka da zarar ka gan ta baki buɗe tana numfashi sama-sama, kada ka tsaya jira.