Yadda na gyara injin kwale-kwale da ya daina fitar da ruwa

Injin Yamaha ne mai ƙarfin doki 15, a bakin kogi a Yamai. Siririn ruwan da ke fita ta baya, alamar ruwa na sanyaya inji, ya tsaya, kan inji ya ɗau zafi. Na fara zura waya a ramin fitar ruwan, ba toshewa. Matsalar fankar roba ce ta famfon ruwa. In kogi ya ja baya, yashi ke cinye fikafikanta, balle in an tayar da inji a tudu.

Na sa giya a sake, na raba sandar giya, na kwance ƙafar inji, wato ɓangaren ƙasa mai farfela, na buɗe murfin famfo. Fikafikai biyu sun karye. A tabbata an tsinto gutsattsarin, don su ke toshe bututu. Na sa sabuwar fanka da ɗan makullin da ke riƙe ta a sandar da ke juya ta, ina juya wannan sandar ta hannun agogo ina danna murfin. Giris a haƙoran sanda kawai, ban da samanta.

Littafin gyara da ake turawa ta WhatsApp kwafin sata ne, kuma sau da yawa na wani samfurin ne. Yarjejeniyar Bangi ta 1977 tsakanin wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar ke ciki, ta kare haƙƙin mawallafi. A kai lambar inji wurin dillali, a nemi littafi na asali.