Yadda za a yanke shawarar sake tiyata idan ƙwannafi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa bayan aikin rage ƙiba

Ba su da yawa, amma a garuruwan karkarar Kano da Jigawa akwai mutanen da ƙiba da ciwon suga ko hawan jini suka kai su Masar ko Indiya ko Turkiyya, aka yi musu tiyatar rage ƙiba. Aikin da aka fi yi shi ne wanda likitoci ke kira silib, inda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a cire, a bar siririn bututu mai siffar ayaba. Jiki yakan sauka, sai dai wasu bayan watanni ko shekaru sukan wayi gari da ƙwannafi mai tsanani: ruwa mai tsami yana tasowa har maƙogwaro, tari yana tashin mutum tsakar dare, murya tana dishewa da asuba. A nan ne ake fara maganar sake aiki, kuma a nan ne ya kamata a bi a hankali, domin tiyata ta biyu ta fi ta farko wuya.

Dalilin ƙwannafin ba ɗaya ba ne, shi ya sa maganinsa ma ba ɗaya ba ne. Tumbin da aka tsuke yana da matsi mai yawa a cikinsa, kuma tsokar da ke rufe bakinsa kamar zugen jaka takan yi rauni bayan yankan. A wasu mutanen saman tumbin ne ke zamewa ya haura cikin ƙirji ta ƙofar tantanin da ya raba ƙirji da ciki, a wasu kuwa bututun ne ya murɗe ko ya ƙuntata a tsakiya, abinci ya rasa hanyar sauka sai ya komo sama.

Abu na farko da za ka nema shi ne takardar bayanin aikin da aka yi maka. Da yawa sukan dawo gida da rasiɗin kuɗi da ledar magunguna, amma babu rahoton likitan fiɗa. Ka tuntuɓi asibitin ko da ta WhatsApp ne, su turo maka, domin likitan da zai duba ka yana bukatar sanin ainihin abin da aka yanke da abin da aka bari.

Sai kuma ka tambayi kanka da gaskiya ko an ba magani haƙƙinsa. Magungunan rage tsamin ciki irin su omeprazole da esomeprazole ba a jira sai ƙirji ya ɗau zafi kafin a sha su. Ana shan su ne kullum, minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, na tsawon mako 8 a jere, kuma likita yana iya mayar da su sau biyu a rana. Jiƙa kanwa a sha, kamar yadda aka saba a gidajenmu, yana kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma yana cika ƙaramin tumbi da iska, ga gishirin da ke cikinta bai dace da mai hawan jini ba. Haka nan magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis lokacin noma da girbi, wato diclofenac da ibuprofen da piroxicam, suna cin bangon tumbi, kuma suna iya ƙara tsananta ƙwannafin. Tuwon dare ma yana da nasa laifin, idan aka ci bayan isha'i aka bi da goro ko shayi aka miƙe a kan katifa. A bar awa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya, a sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai ya ɗagu da kamar santimita 15 zuwa 20, wanda kuma yake kwana a ƙasa ya tokare saman katifar gaba ɗaya maimakon tara matasai. Kwanciya a ɓangaren hagu tana rage tasowar ruwan, ko da yake mun saba da fara kwanciya ta dama. Mai wannan lalura yana iya farawa da dama, sannan ya juya.

Idan an yi duk wannan ba a ga sauƙi ba, to lokacin awo ya yi. Babban awon shi ne endoskofi, wato zura siririyar kyamara ta baki a duba maƙoshi da tumbi, kuma ana yin sa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ana zuwa ne ba a ci komai ba na aƙalla awa 6, tare da ɗan rakiya, saboda allurar da ke sa gyangyaɗi. Rahoton zai nuna matakin ƙonewar maƙoshi daga A zuwa D, wanda shi ne mafi tsanani, kuma zai nuna ko fatar cikin maƙoshin ta fara sauya kama, abin da ake kira cutar Barret, wadda a wasu 'yan tsiraru takan rikiɗe ta zama daji. Saboda wannan ne ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta duniya, IFSO, ta ba da shawara a 2020 cewa duk wanda aka yi wa silib a leƙa cikinsa bayan shekara ɗaya, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3, ko da ba ya jin komai. Akwai kuma hoton da ake ɗauka bayan an sha farin ruwan bariyom, wanda ke fito da murɗewa ko ƙunci a fili, da awon tsamin maƙoshi na awa 24, da awon ƙarfin matsawarsa. Waɗannan biyun na ƙarshe ba kowane asibiti ke da su ba, amma a ganina duk likitan da ya sa ranar aiki bai ko leƙa cikinka ba, ka nemi ra'ayin wani.

Sakamakon awon ne ke raba gardama. Wanda ƙwaya ɗaya a rana ta wadatar da shi, maƙoshinsa kuma lafiya lau, ba shi da dalilin komawa ɗakin fiɗa. Wanda aka samu da matakin C ko D duk da shan magani yadda ya kamata, ko cutar Barret, ko abinci yana taso masa cikin barci har ya shaƙe shi, shi ne maganar aiki ta hau kansa. Idan ƙunci ne kawai, akan gwada buɗa shi da balan-balan ta endoskofi, idan kuma zamewar tumbi ce, wani lokaci gyaran ƙofar kaɗai kan isa. Amma aikin da aka fi dogara da shi shi ne mayar da silib zuwa baifas na Ru, inda ake ware ƙaramin aljihu daga saman tumbi, wanda bai wuce girman ƙwai ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, ta yadda tsami da ruwan matsarmama za su bi wata hanya nesa da maƙoshi. A yi hattara da ɗaya nau'in baifas ɗin, wanda ake kira mai haɗi guda, domin shi yana iya sa ruwan matsarmama ya riƙa tasowa.

Kafin ka amsa, ka lissafa abin da zai biyo baya, ba kuɗin aikin kaɗai ba. Tabon aikin farko yana sa haɗarin yoyon ɗinki da zubar jini ya ƙaru, kuma alamar yoyo, wato bugun zuciya da ya haura 120 a minti ɗaya da zazzaɓi da ciwon ciki ko kafaɗar hagu, ba ta jiran gari ya waye. Mutumin da gidansa ke wani ƙauye a bayan Ringim ko Gwaram, inda hanya kan yanke da damina, ya tanadi masauki kusa da asibitin na makonnin farko. Bayan baifas shan maganin ƙarin jini da bitamin B12 da kalsiyam ya zama na har abada, tare da awon jini a kai a kai, magungunan ciwon jikin nan kuwa da taba da shisha an rabu da su ke nan, domin suna haifar da gyambo a wurin haɗin. Fura mai sukari ko shayi mai kauri suna iya jawo jiri da gumi da gudawa cikin rabin awa. Mace ana so ta jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18, don haka dole maigida ya shiga shawarar tun farko, batun azumin Ramadan na shekarar aikin kuma a tattauna shi da likita da malami kafin a sa rana.

Idan ka zauna gaban likitan fiɗa, kada kunya ta hana ka tambaya: "Likita, irin wannan aikin gyara nawa kake yi a shekara, kuma idan matsala ta taso mini da dare a gida, wa zan kira, wane asibiti zan nufa?" Wanda za a yi wa aikin a waje ya samu likita a Kano ko Dutse da ya yarda zai ci gaba da duba shi tun kafin ya sayi tikitin jirgi. Amma idan abinci ya fara tsayawa a ƙirji, ko aka yi aman jini, ko bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, wannan ba na jiran shawarar dangi ba ne, a nemi mota a tafi asibiti a ranar.