Ka mutu sau biyu, har ka isa ka ce gem ba kyau?

Na gaji da ganin abu ɗaya a shagon da muke taruwa a Ƙofar Ƙaura. Yaro zai kunna The Curious Expedition, gem ɗin da ake jagorantar tawagar masu yawon bincike, minti ashirin mutanensa su hallaka a daji, ya ture kwamfuta ya ce shirme ne, wai an mayar da shi farko. Kafin la'asar ya hau Facebook ya yanke hukunci kamar alƙali.

Komawa farkon nan gadon gidansu ne. Tun daga gem ɗin Rogue na 1980, wanda Michael Toy da Glenn Wichman suka ƙirƙiro, haka jikokinsa suke: kowane shiga sabuwar taswira, in ka mutu shi ke nan. Mai kuka da wannan kamar wanda ya zauna dara ne yana ƙorafin an ci masa ɗa. Ni dai ba na buɗe baki a kan irin wannan gem sai na mutu sau goma, kuma na iya faɗin abin da ya kashe ni kowane karo.

Wanda ya fi ƙona mini rai haɗama ce, don ni ma ta taɓa cin ƙaniyata. Gem ɗin, wanda kamfanin Maschinen-Mensch na Jamus ya fitar a 2016, tafiya shida ake yi, kowacce ana neman dalar zinariya, wato gini irin dalar Masar. Dare uku ina ƙona fetur a janareta har na kai ta biyar. Sai na iske wani ɗakin tsafi da gunkin zinari a ciki. An rubuta gargaɗi ɓaro-ɓaro, ban karanta ba, na sunkuce. Nan take dutse ya fara aman wuta, hanya ta toshe, mutanen ƙauyen suka juya mini baya. Ma'aunin hankalin tawagata, wanda kowane taku ke ragewa, ya ƙare ƙaf, ga cakulan babu. Ƙarshe wani ya cinye ɗan'uwansa. Cikin fushi na rubuta a gurup cewa maguɗi gem ɗin yake yi. Ƙanena ne ya amsa: "Yaya, ai sai da ya gaya maka." Ban ƙara cewa uffan ba ranar.

Don Allah ku riƙa karanta rubutun! Ba ƙwallo ba ce da za ku yi ta danna maɓalli. Ni yanzu ba na taɓa kayan tsafi sai na ga dalar da idona, kuma ba na wuce ƙauye ban kwana ba.

Makin Metacritic, shafin da ke tara makin masu sharhi, shi kaɗai ba sharhi ba ne. Kushe zanen don bai kai na FIFA ba kuwa, wannan ko amsa bai cancanta ba.

Akwai kuma masu yabo ido rufe. Gem ne fa na Turawan ƙarni na 19 da ke kwashe kayan mutane su kai gidan tarihi don su yi suna. Masu sharhi sun yi ta jayayya: ba'a yake wa mulkin mallaka, ko ado yake masa? Ni na fi ganin ba'a, tunda ɓarawon ne ke shan wuya. Amma Bakatsinen da ya san ta Ƙofar 'Yanɗaka Lugga ya shigo garin nan a 1903, bai kamata ya rubuta shafi guda a kan wannan gem bai ko taɓo zancen ba.