Gyaran tsohuwar C10: inda ake tafka kuskure a birki, sifirin da wili

A wurin masu farfaɗo da tsofaffin akori-kura a Amurka, Chevrolet C10 ta 1967 zuwa 1972 'yar gaban goshi ce. Kayan gyaranta sun cika kasuwa, kuma yalwar nan ce ke jefa mutane cikin asara, domin kowa da abin da ido ya fi so yake farawa, wato wili.

Sayen wili kafin a tsayar da shawarar birki shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗi. Daga 1967 zuwa 1970 motar ta zo da birkin dram a gaba da kusoshi shida na ɗaure wili. A 1971 ne aka koma birkin faifai a gaba, kusoshin suka zama biyar. Wanda ya riga ya sayi wili mai rami shida, sannan ya ɗauko kayan gaban 1971 don ya sami faifai, zai tarar wilin ba ya shiga. Ko ya sayi wani, ya zama gaba biyar baya shida, safaya ɗaya ba za ta yi masa aiki a ƙafa huɗu ba. Mafita ita ce a nemi kayan faifai masu kusoshi shida, ko a mayar da aksil ɗin baya biyar shi ma. Girma ma abin lura ne: faifai mai inci 13 galibi sai wili mai inci 17, kuma ko faɗin ya isa, hannuwan wilin suna iya gogar kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan. Masu ƙera birki suna ba da zanen awo. A buga shi a takarda, a manna a kwali, a yanka, a zura cikin wilin a juya. Aikin minti goma ne.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne a sa faifai a bar tsohuwar mastar birki, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu. Mastar dram kan riƙe ɗan matsin mai a cikin bututu ko bayan an ɗaga ƙafa, dram kuwa haka yake so. Faifai ba ya so. Birkin sai ya riƙa kamawa a hankali, motar ta yi nauyi, ka tsaya ka ji ƙauri, ka kai hannu kusa da wilin gaba ka ji zafi na bugowa. Dole a sauya masta, a kuma sa bawul mai raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya. A akori-kura wannan bawul ba ado ba ne. Idan ba kaya a bayanta ba ta da nauyi a can, tayoyin baya ne za su fara ƙullewa, kuma a jiƙaƙƙen titi gindin motar zai juyo gaba kafin direba ya ankara. Rai ne a ciki, ba wurin tsimi ba ne.

Sai rage tsayi. Har yanzu akwai masu hura wa sifirin wutar gas har ya zauna. Zafin yana kashe ƙarfen, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya sauka, wata rana ya karye. A ƙafafun gaba, a sauya ƙarfen da wili ke juyawa a kansa da wanda aka ƙera don sauke mota, yawanci inci biyu da rabi, sifirin da sitiyari su ci gaba da aikinsu yadda suke.

Baya ya fi wuya. Yawancin C10 na waɗannan shekaru sifirin murɗaɗɗe ne a kan dogayen hannuwa biyu, da sanda ɗaya a gicciye mai hana aksil zamewa gefe. Da zarar motar ta sauka, sandar nan sai ta tura aksil gefe guda, ka ga taya ɗaya tana cin bodi, ɗayar kuma ta shige ciki. A sa sanda mai zare wadda ake daidaita tsawonta. In saukar ta yi yawa, aksil zai riƙa dukan shasi a kowane rami, sai an yanke masa gurbi an ƙarfafa wurin da kyau. Shoka ma sai gajere, kusurwar farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa aksil, ita ma a sake duba ta, in ba haka ba motar ta dinga karkarwa a gudu.

Awon wili shi ne na ƙarshe, bayan inji da giya sun hau, motar ta zauna da nauyinta. A murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a duba ko taya na taɓa wani abu. Sannan a miƙa zare daga ƙasan wilin dama zuwa ƙasan na hagu. Duk ƙarfen da ya sauko ƙasa da zaren, shi zai fara cin kwalta ranar da taya ta fashe, don haka a ɗaga shi kafin motar ta fita daga gareji.